Littafi, Dutse da Baki: Sharhi a Kan Yadda Muke Karanta Tarihin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a yi tsokaci a kan yadda mu ɗalibai muke karanta littafin nan da aka fi sani da Tarihin Kano. Da yawanmu haddace shi muke yi: sunan sarki, sunan ubansa, shekarun da ya yi, sannan mu juye wa malami a ranar jarrabawa. Ni a ganina wannan tilawa ce kawai. Nazari yana farawa ne a ranar da ɗalibi ya tambayi littafi: wa ya rubuta ka, a ina yake zaune, me kuma ya tsallake? Zan kafa hujja da ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

Shaida ta Farko: Littafi

Asalin Tarihin Kano da Larabci yake. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, daga baya kuma ta Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Babu mai musun darajarsa. Amma akwai abubuwa biyu da mai hadda ba ya lura da su.

Na ɗaya, shekarar 999 da muke cewa Bagauda ya hau mulki, lissafi ne. Littafin tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer kuwa ya tara su ya ƙirga da baya. Ke nan in an yi kuskure a sarki ɗaya, duk na gabaninsa sun goce. Na biyu, masana ba su haɗu a kan lokacin da aka rubuta shi ba. Murray Last ya kai tushensa ƙarni na 17, John Hunwick kuwa yana ganin a zamanin Bello aka tsara shi, wato ƙarshen ƙarni na 19. Ko wanne ne daidai, idon fada ne yake kallo. Garin da ke nesa da fada ba ya shiga labari sai in an kai masa yaƙi ko ya ƙi biyayya.

Shaida ta Biyu: Dutse

To, me littafin ya tsallake? A Birnin Kudu akwai Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka yi zane a jikin dutse. Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Galibin zanen na shanu ne, kuma shanun ba su da tozo. Ɗalibi mai lura zai dubi bunaji da rahajin da ake kiwo a yankin a yau, ya ga duk masu tozo ne. Daga nan sai tambayoyi su taso: yaushe irin shanun ya sake, su wa suka kawo sabon, ina masu tsohon suka nufa? Haka kuma a wuraren akwai duwatsun da in an buge su suke amo kamar kuge, har bugun ya bar gurabe a jikinsu. Babu jerin sarakunan da zai ba mu wannan labari.

Sai dai shi ma dutse yana da nasa rauni. Zane ba ya ɗauke da shekara, ba ya kuma faɗin sunan mai shi ko harshensa. Wanda ya dubi zanen ya yanke cewa kakannin ƙabila kaza ne suka yi shi, ya faɗa ramin da mai hadda ya faɗa.

Shaida ta Uku: Baki

Birnin Kudu da Gwaram suna iyaka da Jihar Bauci, wato suna kan hanyar duwatsun Ningi. A shekarun 1840 Malam Hamza na Tsakuwa da wasu malamai suka bar ƙasar Kano saboda saɓani a kan haraji, suka fake a can. Daga baya Ningawa suka riƙa kai hari kudancin Kano, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A wurin marubucin fada, waɗannan 'yan tawaye ne. Adell Patton, wanda ya rubuta kundin digirinsa a kan Ningi a 1975, ya saurari bakin Ningawan da kansu, sai labarin ya fito da wata fuska.

Saura fuska ta uku, ta talakan da harin ya faɗa wa gonarsa. Wannan tana wurin tsofaffi, cikin kirarin gari, da sunayen unguwanni, da kufai, da ragowar ganuwa. Amma a yi hattara, kowane gida yana ƙawata kakansa. Don haka kada a tsaya ga mutum ɗaya. A tambayi gidan sarauta, a tambayi maƙera da mahauta, a tambayi tsofaffin mata, sannan a rubuta sunan wuri da ranar hira.

Kammalawa

Alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda, bai kuma kamata ɗalibin tarihi ya yi ba. Inda littafi da dutse da baki suka dace, mun sami abin riƙo. Inda suka saɓa, nan aikinmu yake. Ina roƙon malamanmu su rage tambayar "kawo sunayen sarakuna", su ƙara ta "yaya aka yi muka sani". Mu kuma 'yan ƙungiya, musamman 'yan wannan yanki, mu tafi hutu da littafin rubutu. Dutse zai jira mu, amma tsofaffi ba za su jira ba. Allah ya sa mu dace.