Idon Matafiyi: Sharhi a kan Hotunan Wilfred Thesiger

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. To amma tun da na'urar ɗaukar hoto ta shigo duniya sai aka sami wani irin gani na aro, watau mutum ya zauna a gida ya dubi ƙasar da bai taɓa takawa ba da idon wani. Ya wajaba ke nan a riƙa bincika mai idon kamar yadda a ke bincika mai ba da labari. Wannan takarda za ta duba hotunan Wilfred Thesiger, Baturen Ingila wanda aka haifa a Adis Ababa cikin 1910 ya rasu cikin 2003, domin a ga abin da ya ɗauka, da yadda ya ɗauka, da abin da ya bari a waje.

Thesiger ya fara aikin mulki a Darfur ta ƙasar Sudan cikin 1935, a can ya saba da raƙumi, har ya kai duwatsun Tibesti na Cadi cikin 1938. Bayan yaƙin duniya na biyu sai hukumar yaƙi da fara ta ɗauke shi ya nemo inda fara ke ƙyanƙyasa a kudancin ƙasar Larabawa. Da wannan dalili ya ƙetare hamadar Rub'ul Khali sau biyu, na farko daga 1946 zuwa 1947, na biyu cikin 1948. Ba shi ne Baturen da ya fara ƙetare ta ba, gama Bertram Thomas da St John Philby sun riga shi da shekaru goma sha biyar ko kusan haka. Daga 1951 zuwa 1958 kuma ya yawaita zama cikin fadamun kudancin Iraki. Littattafansa biyu, Arabian Sands na 1959 da The Marsh Arabs na 1964, su suka fitar da sunansa. Baƙin fim ɗin da a ke wanke hotunansa daga gare shi, wajen guda 38,000, yana ajiye a gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford tun 2004.

Abin da zai fara ba mai duba mamaki shi ne ƙarancin kayan aikinsa. Kyamara ɗaya ce ƙarama, Leica II, irin da aka fara sayarwa cikin 1932, da ita ya yi aiki har 1959. Ba ta da batir, ba ta kuma da abin auna haske. Mai ita shi zai kimanta ƙarfin rana da idonsa, ya buɗe ƙofar gilashi gwargwadon abin da ya gani, ya zaɓi saurin ƙiftawarta. Naɗin fim ɗaya hoto 36 ya ke ci. Mutumin da ke tsakiyar yashi, raƙumansa na ɗauke da ruwa da gari da dabino iyakar ƙarfinsu, ba shi da halin ɓarna. Har wa yau ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan watanni, sa'ad da aka wanke fim, lokacin da wurin da mutanen suka yi nisan da ba a komawa. Wannan ƙunci shi ya zama malaminsa. Wanda ya san harsashinsa ƙidayayye ne ba ya harbi sai ya daidaita, shi ya sa a ke ganin natsuwa a hotunansa wadda ta yi wuya a zamanin da wayar hannu ke ɗaukar dubu ba a ji a jiki ba.

Baƙi da fari kaɗai ya yi aiki da shi, wannan kuwa ya dace da hamada. Tudun yashi ba shi da abin nunawa sai siffa, siffa kuwa inuwa ke fito da ita. Da tsakar rana haske ya kan sauko tsaye ya shafe kome, tudu mai tsawon gaske ya koma kamar shimfiɗaɗɗen zane. Da hantsi ko da la'asar sakaliya sai rana ta bugo daga gefe, gefe ɗaya na tudun ya yi fari ɗayan ya yi duhu, kaifin da ke tsakaninsu ya fito kamar bakin wuƙa. Mafi kyawun hotunansa na yashi da irin wannan haske na gefe aka ɗauke su. Sau da yawa kuma ya kan sa mutum ko raƙumi ɗan ƙarami a can ƙasa ko a kan kaifin tudu, domin in ba da shi ba ido ba zai iya auna girman wurin ba. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi. Tana buƙatar haƙurin jiran sa'a.

Amma inda gwanintarsa ta fi bayyana shi ne fuskokin mutane, musamman abokan tafiyarsa biyu na ƙabilar Rashid, Salim bin Kabina da Salim bin Ghabaisha. Ya kan ɗauke su daga ƙasa kaɗan, sararin sama ya zama bango, babu itace babu tarkace a bayansu, sai gashi da ido da wuƙar ɗamara da bindiga. Wanda ya duba zai ga ba su ɗaure fuska kamar mai tsayuwa gaban baƙo ba, ba su kuma yi murmushin biyan bukata ba. Dalilin wannan ba a cikin gilashin Leica ya ke ba. Thesiger ya ji Larabcinsu, ya sa tufafinsu, ya yi tafiya ba takalmi kamar su, ya ci abin da suka ci, ya ji yunwa da ƙishirwa tare da su wata da watanni, har Larabawa suka yi masa laƙabi Mubarak bin London. A Iraki ma haka, ya yi yawo da akwatin magani a kwalekwale kafin a sake da shi har ya ɗauki cikin mudif, watau babban zauren baƙi da a ke ginawa da kara zalla, bakan gizonsa jere kamar haƙarƙari, haske na tsiyayowa ta sāƙar bango. Ashe kusantar da a ke gani a hoto tun kafin a ɗaga kyamara a ke yinta.

To, sai a juyo ga ɗaya gefen. Hoto kamar kirarin maroƙi ya ke: abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya duka, amma zaɓe ya yi. Thesiger ya ƙi mota da jirgin sama da duk abin da injin ke ja, bai kuwa ɓoye ƙiyayyar ba. Cikin hotunan da ya zaɓa ya buga da wuya a ga mota, da wuya a ga Bature. Alhali kuwa a Salala, inda ya fara tafiyarsa ta farko, akwai sansanin mayaƙan sama na Ingila, kuma sa'ad da ya isa Buraimi cikin 1948 wakilin kamfanin mai ya riga ya fara zagaya shehunan wurin. Mai duba hotunan kaɗai zai ɗauka ƙasar tana tsaye cik tun zamanin jahiliyya, ba abin da ke motsi a cikinta sai raƙumi. Ga shi kuwa shi kansa baƙon da ke riƙe da kyamara, ita ma injin ce ta Jamus, yana cikin alamun canjin da ya ke ƙi, ya kuma yarda a rubuce cewa taswirar da ya zana ta taimaki waɗanda suka biyo bayansa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Gwanintarsa ta mai da wahala abin sha'awa. Saurayi mai riga ɗaya, siriri saboda ƙarancin abinci, ya fito a hoto kamar ɗan sarki, kuma lalle martabarsa ta gaske ce. Amma shi Thesiger zaɓen wannan rayuwa ya yi, yana da inda zai koma. Su kuwa a ciki aka haife su. Da aka fara fitar da mai daga Abu Dhabi cikin 1962, jama'ar suka karɓi asibiti da makaranta da famfo da hannu biyu. Da ya komo cikin 1977 bai ji daɗin abin da ya tarar ba. Tambayar da hotunan ba su amsa ba ita ce, wa ke da ikon yin baƙin ciki don wucewar yunwar wani?

Duk da haka ba daidai ba ne a tsaya a nan, gama zamani ya ba hotunan wani aikin da mai su bai nufa ba. Hoton Shehu Zayid da ya ɗauka yana saurayi da shahonsa, da na Abu Dhabi tana ƙaramin gari a bakin teku, yanzu jikokin mutanen wurin ke neman su domin su ga kakanninsu. Na Iraki sun fi haka. Bayan tawayen 1991 gwamnatin Saddam Husaini ta janye ruwan fadamun, kafin shekara 10 kusan kashi 90 cikin 100 sun bushe, mazaunansu suka watse. An maido da ruwa a wani sashe bayan 2003, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan gadon duniya cikin 2016, amma ƙauyukan da ya gani a kan ruwa da yawa sai a hotunansa. Kirarin ya zama shaida.

Hukuncin da ya dace ke nan shi ne a karɓi hotunan Thesiger a kan shaidar mutum ɗaya mai kaifin ido, mai ƙauna, mai kuma son zuciya, a karanta su tare da tarihin da suka tsallake. Wanda kuma zai ɗauki kyamara ya bi ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, ko ya tsaya a bakin hawan salla, zai amfana da abubuwa uku daga gare shi: ya rage kaya, ya jira haske, ya zauna da mutane har su san sunansa kafin ya nemi fuskarsu. Na huɗun kuwa daga kuskurensa za a koya: in babbar mota na tafe a gefen raƙuma, a bar ta ta shiga hoton, domin ita ma tana cikin gaskiyar ranar.