Kibiya Marar Gashi: Nazari Kan Saiti a Harbin Gargajiya

Idan maharbi ya yi kuskure, sai a ɗora laifin a kan hannunsa, ko a ce naman ne ke da asiri. Ba kasafai ake tuhumar kibiyar ba. Alhali kuwa wanda ya daɗe yana jan baka ya san cewa a cikin kwari guda akwai kibiyar da ke jin magana, akwai kuma wadda duk yadda ka gyara tsayuwa sai ta kauce.

Dalilin yana cikin abin da ido ba ya iya gani. Lokacin da aka saki tsirkiya, ƙarfin baka yana tura gindin kibiya, shi kuwa ƙarfen da ke kai nauyinsa ya hana shi motsawa nan take. Sai sandar ta lanƙwashe. A bakan gargajiya kibiya tana jingine ne a gefen itace, don haka da wannan lanƙwasa take kewaye mariƙi ta fita, tana karkarwa hagu da dama kafin ta miƙe. A shekarun 1930 wani Ba'amurke masanin kimiyya, Clarence Hickman, ya ɗauki wannan motsi da kyamara mai saurin gaske. Amma maharba sun riga shi sani da hannu. Tun a 1545 Roger Ascham na Ingila ya rubuta Toxophilus, inda ya yi dogon bayani kan zaɓen itacen kibiya da dacewarta da baka da kuma mai harbi.

Abin nema ke nan: taurin sanda ya yi daidai da ƙarfin baka. Ga mai ja da dama wanda ke ɗora kibiya a hagun baka, sanda mai tauri da yawa hagu take faɗawa, mai laushi kuma dama. Masu sana'ar yau suna auna taurin da ma'auni: a ɗora sanda a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a duba iyakar lanƙwasarta. Wadda ta sauka rabin inci ita ake wa lamba 500. Sai dai lambar mafari ce kawai. Ƙara nauyin kai yana sa sanda ta yi laushi a lokacin harbi, rage mata tsawo kuma yana ƙara mata tauri.

Gwajin da maharban Turai da Amurka suka fi amincewa da shi shi ne na tsirarar kibiya. Sukan harba kibau masu gashin tsuntsu, sannan su harba irinsu da ba a liƙa wa gashi ba, daga kamar taku 15 ko 20, su ga ko za su taru wuri ɗaya. Hikimar ita ce gashi yana rufa asiri. Iska tana kama shi ta miƙar da kibiyar da ta fito a karkace, maharbi ya zaci komai lafiya, ga shi kuwa ta yi asarar gudu da ƙarfin huda. In an cire gashin, aibin sai ya fito fili.

To a nan ne kibiyar ƙasar Hausa ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin ita ba ta da gashi tun asali. Abin da wasu ke yi a matsayin gwaji na yini ɗaya, shi ne halin da take tashi a ciki kullum. Sandarta kyauro ne, marar nauyi, kanta kuwa ƙarfe ne na maƙera, mai kunne ko tsiko, da doguwar wutsiya da ake cusawa cikin kyauron a naɗe da jijiya don kada ya tsage. Ɗora ta a kan yatsa ka nemi inda za ta tsaya, za ka tarar wurin ya matsa sosai wajen kai. Wannan rinjaye shi ke yin aikin gashi: kai ya ja gaba, gindi ya bi. Masu kallon rashin gashin a matsayin ci baya, a ganina, ba su fahimci cewa wata hanya ce dabam ta warware matsala ɗaya ba, hanyar da ba ta yafe wa mai haɗa kibiya sakaci.

Tana da iyaka, ba shakka. Kai mai nauyi yana saurin sunkuyawa, in tazara ta yi nisa kuma iskar gefe sai ta yi wasa da gindi. Shi ya sa gwanintar maharbinmu rabinta sanɗa ce, ya matso kusa kafin ya ɗana. Sauran giɓin dafi ke cike shi, musamman na kwankwani, mai tsayar da zuciya. Karin maganar nan ta harbi a wutsiya ya fi kuskure, ga mai kibiya mai dafi zance ne na zahiri. Da irin waɗannan kibau 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu suka tari dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, suka kuma yi rinjaye.

Saura abubuwan da ake rainawa. Tazarar tsirkiya da mariƙi tana canja fitar kibiya. Murɗa tsirkiya kaɗan yana ƙara tazarar, ya rage ƙara da dukan hannu. Wurin ɗana gindi ma in yana hawa yana sauka, kibiya za ta riƙa noƙewa sama da ƙasa, shi ya sa ake naɗa zare a yi alama. Kyauro kuma ba a aiki da shi ɗanye. Sai ya bushe a inuwa, a gasa gaɓoɓin a kan garwashi a miƙar, a runtse ido ɗaya a duba tsawonsa ana juyawa. Damina na shigowa danshi zai sassauta jijiya ya sake karkatar da wasu, dole a koma a bi su ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowace alama, a harba, wadda ta ƙi shiga cikin 'yan'uwanta a zare mata ƙarfe a nemo wani kyauron.