Wasan Elckerlijc: Daga Holan Zuwa Oshogbo, Ko Zai Iso Rano?

Wajen shekarar 1495 aka buga wani wasan kwaikwayo da harshen mutanen Holan mai suna Elckerlijc, watau “Kowa”. Labarinsa gajere ne. An aiko Mutuwa ta kira Kowa ya zo hisabi, sai ya shiga neman ɗan rakiya. Aboki ya zame, Dangi suka kawo uzuri, Dukiya ta yi masa dariya. Aikin Kirki kaɗai ya bi shi kabari, shi ma da farko yana kwance, ko tashi ba ya iyawa don rashin kulawa.

Wasan nan ya fi yin suna a waje da gida. Ingilishi sun fassara shi da sunan Everyman, har aka daɗe ana gardamar wanne ne na asali, kafin masana su ba na Holan gaskiya. A 1901 William Poel ya farfaɗo da shi a Landan. A 1911 Hugo von Hofmannsthal ya sāke shi da Jamusanci, ya mai da Kowa hamshaƙin attajiri, kuma a 1920 aka fara nuna wannan a ƙofar babban cocin Salzburg ta Ostiriya, abin ya zama al'adar garin. Daga na Jamusancin ne ya shigo ƙasar nan, inda Duro Ladipo da 'yan wasansa na Oshogbo suka yi shi da Yarabanci da sunan Eda, da kiɗa da waƙa.

To, abin lura shi ne, ba inda ya sauka bai canja riga ba. A nawa ganin, mai da Kowa attajiri hasara ce, domin talakan da ke kallo sai ya ga ai da Alhaji ake, ba da shi ba.

Ko zai karɓu a wajenmu? Ƙashin bayansa dai ba baƙo ba ne. Almajirin Rano ya san hadisin abubuwa uku masu raka mamaci, iyali da dukiya su juyo, aiki ya zauna. Dabarar ma muna da ita. Duk wanda ya ga tashe a Kibiya cikin azumi ya san yaro kan liƙa gemun auduga ya zama Tsufa ɗungurungum, ba wani tsoho mai suna ba.

Matsalar tana wuri biyu. A farkon wasa Ubangiji ne ke magana a dandali, wannan kuwa ba mai kallon da zai zauna masa a nan. Sannan Kowa yana samun tsira ta hanyar furta zunubi da ibadun coci. Na farkon mai sauƙi ne, a bar Mutuwa ta faɗi saƙon da aka aiko ta da shi. Na biyun ne aiki, don in an cire shi tsakiyar wasan ta rushe, sai mai fassara ya gina wata da tuba da biyan haƙƙin mutane. Ni da zan sa Kowa ya bi kasuwar Rano rumfa-rumfa yana neman waɗanda ya tauye wa mudu, Mutuwa na biye da shi tana ƙirga lokaci.