Awon hawan jini a gida da sa ido daga nesa: sharhi a kan dacewarsa da Magariya da Dungas

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba ra'ayin da ke cewa a bai wa mai hawan jini na'ura ya riƙa awo a gida, yana aika sakamako ta salula zuwa ga likita. Madogarar masu ra'ayin ita ce bincike irin na TASMINH4 da aka buga a Ingila a 2018, inda awon gida ya sauke jinin masu jinya fiye da kulawar asibiti kaɗai. Abin tambaya shi ne: shin sharuɗɗan da suka ba da wannan sakamako suna nan a gundumomin Magariya da Dungas?

2. Ingancin awo

Na farko, na'ura. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ana janye ma'auni mai zaiba, sai mai batir ya maye gurbinsa. To, binciken da aka buga a 2020 a kan kasuwar intanet ta Ostareliya ya nuna na'urorin damtse da aka tantance ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Wadda aka sayo a kasuwar kan iyaka, wa ya tantance ta? Ga kuma zafi: yawancinsu an ƙera su don aiki tsakanin digiri 10 da 40, alhali bazarar Damagaram takan zarce haka.

Na biyu, maɗaurin damtse. Wanda aka saba haɗawa da na'ura na santimita 22 zuwa 32 ne. In aka ɗaura wa ramammen tsoho, adadin yakan fito ƙasa da gaskiya, a sallami marar lafiya da sunan lafiyayye.

Na uku, ƙa'ida. Iyakar gida 135/85 ce, ta asibiti 140/90. Likitocin Faransa suna son awo 3 da safe, 3 da dare, kwana 3, a zaune bayan hutun minti 5. Manomi a damina ko ɗan ci-rani da wuya ya cika wannan.

3. Abin da masu suka ke mantawa

Duk da haka, ba mu tare da masu cewa mutanen karkara ba za su iya ba. A gundumar Mirya, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu don gano tamowa, kuma aikinsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba. Sirrin shi ne ma'auni mai launi, da wurin da za a kai yaro nan take.

4. Kammalawa

Ke nan aika lamba ta waya shi ne mataki na ƙarshe. Kafinsa ana bukatar na'urar da aka tantance, maɗauri mai girma daban-daban, bayani da Hausa, da magani a asibitin CSI mafi kusa. In babu waɗannan, likitan da ke Damagaram zai yanke hukunci ne a kan lambar da ba wanda ya san yadda aka samo ta.