Hoto Shaida Ne, Kada a Mai da Shi Shaidar Zur

A ɗakin mahaifiyata a Roni akwai hoton kakana, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a Kazaure ranar wata Babbar Salla, kuma duk sa'ad da na tsaya na dubi naɗin rawaninsa, da aska takwas da ke ƙirjin rigarsa, da tsagar gado da ke kuncinsa, har da tamojin da shekaru suka bari a goshinsa, sai in ji kamar mun gaisa, alhali kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun ban yi wayo ba.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne al'adar da ta game masu ɗaukar hoton biki da matasa masu wayar hannu a zamanin nan, wato ba a sakin hoto sai an wanke fuska da filta, baƙi ya koma fari, an shafe tsaga, an tsuke hanci, har ta kai gwaggon amarya ta riƙe kalandar biki tana tambayar ko 'yar wace ce.

Ado ba aibi ba ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, yakan shimfiɗa atamfa a bayan mutum, ya ara masa agogo ko rediyo, ya gyara masa zama har haibarsa ta bayyana. Amma da Françoise Huguier, Bafaranshiya mai ɗaukar hoton tufafin zamani, ta ga aikinsa, ta kuma tsaya aka kafa bikin hotuna na Bamako a 1994, abin da ya ja hankalin duniya shi ne mutanen Mali da launin fatarsu, da kitsonsu, da ɗaurin ɗankwalinsu, kamar yadda Allah Ya halicce su kuma al'adarsu ta ƙawata su.

A ganina hoto amana ce da ake ajiye wa zuriya, kuma wanda ya sauya kamannin mutum, ko da da kyakkyawar niyya, ya ba da shaidar zur ga jikokin da ba su da wata hujja sai ita.

Saboda haka ina roƙon masu wannan sana'a, daga Roni har Gwiwa da Babura, ku gyara haske, ku gyara tsayuwa, amma ku bar wa kowa fuskar da Ubangiji Ya ba shi.