Kifayen Tagulla na Fadar Benin da Maƙeran Igun

Idan aka yi zancen tagullar Benin, kawunan sarakuna da mayaƙa masu takubba ne ke fara zuwa zuciya. Amma cikin allunan da suka taɓa lulluɓe ginshiƙan fadar Oba, wato sarkin masarautar, a birnin Benin na jihar Edo ta yau, akwai waɗanda babu mutum a kansu ko ɗaya. Kifi ne kawai, wani a miƙe, wani a lanƙwashe, da gashin bakinsa zara-zara. Akwai kuma na kada. A ganina waɗannan allunan, da ba a cika tsayawa a kansu ba, sun fi kowanne bayyana yadda masarautar ta fahimci mulki.

Benin ba a bakin teku take ba, amma tunaninta na can. A addinin gargajiyar Edo, Olokun shi ne sarkin ruwa, mai dukiya da haihuwa, Oba kuma takwaransa ne a tudu. Shi ya sa maƙeran ba su zaɓi kifi da ka ba. Masu nazarin allunan suna ganin siffofin dangin tarwaɗa, wadda ke iya jan ciki a wajen ruwa ba ta mutu ba, da na minjirya, wadda ke girgiza duk wanda ya taɓa ta. Duk masuncin da ya san waɗannan kifaye zai gane saƙon: sarki yana rayuwa a duniya biyu, kuma ba a kai masa hannu. Akwai allon da ya fito da maganar fili, inda ƙafafun Oba suka rikiɗe suka zama kifaye biyu, yana riƙe da damisa a kowane hannu. Labarin baka yana danganta wannan siffa da Oba Ohen, wanda ƙafafunsa suka shanye, aka ce wa jama'a ikon Olokun ne ya sauka a kansa. Hatta ƙasan allunan an cike shi da zanen ganye mai kunne huɗu, wanda ake alaƙantawa da ganyen kogi da masu bautar Olokun ke magani da shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarfen kansa ta teku ya zo. Turawan Fotugal sun isa Benin wajen 1485, suka riƙa biyan barkono da hauren giwa da bayi da mundayen tagulla. Da yawan ƙarfen nan a hannu aka zuba allunan a ƙarni na 16 da na 17, tun daga zamanin Oba Esigie. Binciken da Tobias Skowronek da abokan aikinsa suka wallafa a 2023, bayan sun gwada mundayen da aka tsamo daga jiragen ruwan da suka nutse, ya nuna cewa yawancin ƙarfen daga yankin kogin Rhine na Jamus ya fito. Haɗi ne na jan ƙarfe da tutiya, da ɗan dalma. Ga mutanen Benin, baƙin da suka ɓullo daga ruwa ɗauke da murjani da ƙarfe daga daular Olokun suka zo. Sai maƙeri ya narka kyautar ruwa ya mayar da ita kifi. Bai kamata a manta ba cewa wani ɓangare na wannan ƙarfe kuɗin 'yan Adam ne da aka sayar.

Maƙeran su ne Igun Eronmwon, ƙungiyar gado mai shugaba da ake kira Ine, wadda ke zaune a unguwa ɗaya, a titin Igun. Suna jingina asalinsu ga wani gwani, Igueghae, da aka ce ya zo daga Ife a zamanin Oba Oguola. Aikinsu na sarki ne. Ba a zuba tagulla sai da izininsa. Hanyar aikin kuwa ba ta yafe kuskure. Za a gina gindi da yumɓu, a shimfiɗa kakin zuma a kai, a sassaƙa ido da ƙaya da kowane ɗigo na jikin kifin a cikin kakin. Sai a rufe da yumɓu mai laushi, a ƙara mai kauri, a shanya, a gasa har kakin ya narke ya zube, sannan a tsiyaya narkakken ƙarfe a gurbinsa. Idan ya huce sai an fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito. Don haka babu alluna biyu da suke daidai. Gashin bakin kifi siriri ne, kuma nan ne ƙarfe ya fi saurin daskarewa kafin ya cika gurbi. Wanda ya fitar da shi cikakke ba ɗan koyo ba ne.

Ba mu da sunan wanda ya yi kowane kifi, domin sunan ƙungiya da na sarki ne ke gaba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne rabuwar aikin da masu shi. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson suka ci birnin, suka kwashe dubban kayayyaki, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. Ɗansa Eweka na Biyu ya sake gina fada ya farfaɗo da maƙeran, amma jikokinsu sun tashi suna ganin aikin kakanninsu a hoto ne kawai, alhali ainihin kayan suna Landan da Balin da Amurka. Hoto ba ya nuna kaurin allo, ba ya nuna bayansa inda sawun hannun maƙeri yake.

An fara mayarwa. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayayyaki fiye da 1,000 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025. Ana ta muhawara kan wanda zai riƙe su, gwamnati ko fada, amma ba kasafai ake jin muryar titin Igun ba. Har yau maƙeran suna zubi a can, sau da yawa da tsofaffin famfuna da tarkacen injuna, suna sayar wa baƙi da masu sarauta. Su ne ya kamata a fara buɗe wa akwatunan, su juya allon kifi a hannu, su ga ta ina kakansu ya shigar da ƙarfe.