Hannu a Kano, Aiki a Jamus

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wayar ƙanena ta yi ƙara. Shafin wani kamfani da yake kula da shi ya tsaya cak, masu saye sai kira suke yi. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda 'yan sana'ar ke kira saba, tana can birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, a wani gini da bai taɓa takawa ba. Ko tashi daga tabarma bai yi ba. Ya jawo kwamfutarsa ta cinya, ya buɗe wani baƙin allo, ya rubuta ssh, ya bi shi da sunansa da adireshin sabar. Kafin in gyara zama har ya shiga. Ya rubuta df -h, sai ga amsa: ma'ajiyar ta cika maƙil. Da ya duba, tsofaffin bayanan aiki ne suka cika ta. Ya share abin da ya tabbata ba a bukata, ya sake tayar da manhajar, shafi ya dawo. Duk abin bai kai minti goma ba, shayinsa ma bai huce ba.

Tun daga ranar nake ganin girman wannan sana'a. Mai gyaran mota yana jin kukan inji, tela yana taɓa yadi. Shi kuwa wannan ba ya ganin abin da yake gyarawa, da kalmomi kawai yake aiki, kuma kowace kalma umarni ce da za a cika nan take.

Asalin abin daga wata sata ya samo. A shekarar 1995 aka gano wasu na tsintar kalmomin sirrin mutane a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finland. A wancan lokacin, da manhajar telnet ake shiga kwamfutoci masu nisa, ita kuwa tana aika komai a fili, kamar wasiƙar da ba a saka a ambulan ba. Sai wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar ssh, wadda ke kulle zancen tun daga bakin mai magana har kunnen mai ji, ya sake ta kyauta. Ya nemi a ba ta ƙofa mai lamba 22, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet, aka ba shi, kuma har gobe nan ce ƙofarta. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ita ce yau ke kan mafi yawan sabobin duniya.

Gwanin wannan aiki ba ya dogara da kalmar sirri. Da umarnin ssh-keygen yake ƙera abubuwa biyu masu tafiya tare, tamkar kwaɗo da ɗan makullinsa. Kwaɗon yake kaiwa ya rataya a kowace sabar da yake so, ko da duniya ta gan shi ba komai. Ɗan makullin kuwa ba ya barin kwamfutarsa, ba ya tura shi ta WhatsApp ko ga wanda suka sha nono ɗaya. Idan ya zo shiga, sabar tana jarraba shi ta hanyar lissafi, ya nuna cewa makullin na hannunsa ba tare da ya miƙa shi ba.

Ita ma sabar tana da tata shaidar. Ranar farko da suka haɗu, kwamfutarsa tana adana ta. Idan wata rana shaidar ta canza, sai gargaɗi ya cika allo. Ɗan koyo yakan goge gargaɗin ya wuce. Gwani kuwa yakan dakata ya bincika: an sake girka sabar ne, ko wani ne ya tsaya a tsakiyar hanya yana sojan gona?

Akwai wata ɗabi'a da na gani wajen ƙanena wadda ta fi komai burge ni. Duk sa'ad da zai taɓa tsarin ƙofar shiga, ba ya rufe tagar da yake ciki sai ya buɗe ta biyu ya tabbatar zai iya komawa. Ya ce mini, “Yaya, idan na kulle kaina a waje, wa zai buɗe mini a Jamus?” Haka kuma kafin ya danna umarnin gogewa sai ya karanta shi sau biyu, don a nan magana zarar bunu ce, babu kwandon shara da za a je a tono.

Sana'ar ta dace da halin da muke ciki. Rubutu zalla ba ya cin data sosai, don haka ko sabis ya yi rauni aiki na tafiya. Idan kuma ana fargabar ɗauke wuta, sai a fara aikin cikin manhajar tmux a kan sabar. Ko layi ya katse, aikin na ci gaba a can, in an dawo a tarar da shi inda ya kai. Da manhajar rsync kuma ake kwashe fayiloli, ta ɗauki abin da ya canza kawai ta bar sauran.

Irin lurar nan ta gwanaye ce ta ceci duniya a watan Maris na 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya ga shigarsa ta ssh ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai ce ba komai ba. Ya bi sawu har ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin manhajar xz, kafin ta bazu zuwa sabobi masu ɗimbin yawa.

A daren nan, da ƙanena ya gama, ya rubuta a littafinsa abin da ya goge da dalilin gogewar, don wanda zai zo bayansa. Sannan ya rubuta exit, ya ja ƙofar Jamus ya rufe, ya ɗauki kofin shayinsa.